Ayaba da fiya: a ina kaya ke lalacewa, kuma wa ke ɗaukar asarar?

Hajiya Rabi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga masu harkar kayan marmari ce, musamman 'yan sari da waɗanda suka san yadda kaya ke tasowa daga gona. Abu biyu sun daɗe suna damuna a sana'ar nan. Na farko, farashin ayaba ba ya cika motsi sosai, amma fiya yau ta hau gobe ta faɗo, ba ka isa ka ce ga yadda za ka sara mako mai zuwa ba. Na biyun ya fi ci mini rai. Sai ka sari kwalin fiya mai kyan gani, fata sumul babu tabo, ka jira ta nuna, mai saye ya kai gida ya yanka ya tarar da ciki baƙi ko zare-zare. Gobe ya dawo maka da ita, kai ne maha'inci. Alhali ba kai ka shuka ba, ba kai ka tsinka ba, ba kai ka yi dakonta ba. Don Allah a ina kayan nan suke lalacewa? Kuma me ya sa kullum mu masu sayar da ɗaiɗai ne asarar ke ƙarewa a kanmu?

Alhaji Bala:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki ce ku kaɗai. Ɗan sari uwar kuɗinsa ce ke kwance a cikin kaya tun suna hanya, in mota ta kwana biyu a tsaye shi ke kwana ba barci. Kuma zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi daɗi ba: yawancin baƙin da ake gani a cikin fiya a kan teburin mai sayarwa ake yin sa. Ana zube ta tuli guda, ta ƙasa na ɗauke da nauyin ta sama, rana na dukanta, sannan duk wanda ya zo sai ya sa babban yatsa ya latsa. Mutum goma su latsa fiya ɗaya, na sha ɗaya ya saya. Wurin da aka latsa ba ya nuna komai a lokacin, sai bayan kwana ɗaya ko biyu tsokar ta yi duhu. Wannan ba laifin gona ba ne.

Maman Ilham:
Alhaji, ni mai saye ce ba 'yar kasuwa ba. In ban latsa ba ta yaya zan san ta nuna? Ayaba da ido ake ganewa. Fiya kuwa caca ce, ka biya kuɗi mai yawa a kan abin da ba ka ga cikinsa ba.

Malam Nura:
Maman Ilham, sa ta a tafin hannu ki ɗan matsa a hankali da dukan hannun, ko ki taɓa kusa da hancinta, wato wurin da aka tsinke ta daga reshe. In ta ɗan ba da kai ta nuna. Yatsa ɗaya ne ke yin ɓarna.

Alhaji Bala yana da gaskiya a kan latsawa, masu bincike a Ostareliya sun bi fiya tun daga gona har gidan mai saye, suka ga daujewa ta fi faruwa bayan ta fara laushi, a kanti da kuma gida. Amma abin da Hajiya ta kwatanta ya fi ƙarfin daujewa. Daujewa wuri ɗaya take, a ƙarƙashin ɓawo. In kin ga tsokar duka ta yi ruwan toka, ko zare-zare masu duhu sun ratsa ta, ko ruɓa ta fara daga hanci tana shiga ciki, to wannan ya samo asali tun kafin kaya su iso gare ki.

Tushen maganar shi ne fiya ba ta nuna a kan bishiya. Tana iya daɗewa a rataye tana ƙara mai, amma ba za ta yi laushi ba sai an tsinke ta. Saboda haka manomi ba shi da alamar ido mai ƙarfi da za ta ce masa ta ƙosa. Wadda ta ƙosa da wadda saura mata wata guda, a kwali kamarsu ɗaya. Bambancin sai ranar yankawa. Wadda ba ta ƙosa ba ko dai ta yanƙwane ba ta yi laushi ba, ko ta yi laushi gefe ɗaya, tsokar kamar roba, salam babu maiƙo. Kuma ita ce ta fi saurin kamuwa da lahanin sanyi a hanya. Ruɓar hanci kuma fumfuna ce da ta shiga tun a gona, sau da yawa in an yi tsinka cikin ruwan sama. Tana kwance shiru muddin fiyar na da tauri, ranar da ta nuna ranar take tashi. Shi ya sa a hannun Hajiya take bayyana, ba don a hannunta ta shiga ba.

Hajiya Rabi:
Allah ya saka da alheri Malam. To manyan masu saye da me suke gane ƙosasshiya, tunda ido ba ya nunawa?

Malam Nura:
Da awo, Hajiya. Ana ɗebo 'yan ƙwayoyi daga gona, a yanko tsokar sirara-sirara, a auna nauyinta, a busar da ita ƙayau, a sake aunawa. Abin da ya rage bayan ruwan ya fita shi ke nuna yawan man da ta tara. A ƙa'idar da ake bi a cinikin ƙasa da ƙasa, a irin fiyar da ake kira Hass sai abin da ya rage ya kai kashi 21 cikin 100, a irin Fuerte kuma kashi 20. Wannan mafi ƙaranci ke nan, masu son ɗanɗano na gaske suna neman sama da haka. Awon ba ya buƙatar wani babban inji, ƙaramin sikeli mai kyau da abin busarwa sun isa. Abin takaicin shi ne da yawa ba sa yi, don sun san amsar da za ta fito ba za ta yi musu daɗi ba.

Baba Audu:
Yara, ku bar ni in ce wani abu a madadin manomi, don na daɗe ina dillanci tsakaninsa da 'yan kasuwa. Ba jahilci ke sa shi tsinkar ɗanya ba. Farkon kaka kaya ba su da yawa, farashi na sama. Dillali ya zo da kuɗi a hannu ya ce a sauke masa duk bishiyar. Manomi na da bashin taki, ga kuɗin makaranta, ga ɓarayi da ke shiga gona da dare tunda abin ya yi daraja. In ya ce zai jira wata guda ta ƙosa, a lokacin kowa ya tsinka, kasuwa ta cika, an karya farashi. Wanda ya yi haƙuri shi ake hukuntawa. Ku gaya mini, a cikinku wa zai jira?

Kenya, wadda ke cikin manyan masu fitar da fiya a Afirka, ta sha fama da wannan. Har ta kai hukumar kula da amfanin gona ta ƙasar kan rufe fitar da fiya ta jirgin ruwa in kaka ta zo ƙarshe, ba ta buɗewa sai ta duba gonaki ta ga sabuwar ta ƙosa. Dalili kuwa, kwantena ɗaya ta ɗanyar fiya in ta isa Turai, sunan ƙasar gaba ɗaya take ɓatawa, har mai kaya masu kyau a taya masa da arha.

Injiniya Sadiq:
Baba ya gama magana a kan gona. Ni aikina sanyi ne, bari in ɗora daga inda mota ta ɗauka.

Ayabar da ke tafiya ƙasashen waje kore shar ake sare ta. A manyan gonaki ana sa wa kowane nono jakar leda tun yana ƙarami, a ɗaura masa ƙyalle mai launi da ke nuna makon da ya fito, don a san shekarunsa ba da ka ba. Ranar sara a auna kaurin ayabar, a rarraba nonon, a wanke ƙaron da ke zuba daga wurin yanka a cikin manyan kwamaye, a jera a kwali mai ɗaukar kilo 18 da 'yan kai. Daga nan sai kwantena mai sanyi, digiri 13 zuwa 14 a ma'aunin Salshiyas, har ta sauka. Tazarar ƙarama ce ƙwarai. In sanyi ya yi ƙasa da 13 na wani lokaci, ɓawon zai dushe ya yi toka-toka, ba za ta taɓa yin rawaya mai haske ba. In ya yi sama, wasu su fara nuna a hanya, kuma guda ɗaya in ta fara tana fitar da iskar etilin da za ta ja sauran kwalin, kwalin ya ja maƙwabtansa.

Bayan an sauke sai ɗakin nunarwa. A rufe ɗakin, a saki etilin kaɗan na kimanin awa 24, sannan a riƙe zafi tsakanin digiri 14 da 18 na kwana 4 zuwa 8, gwargwadon ranar da ake son kayan. Akwai ma'aunin launi daga 1, kore shar, zuwa 7, rawaya mai ɗigo-ɗigo. Mai kanti yakan ce a kawo masa a mataki na 3 ko na 4 don ya samu kwanakin sayarwa.

Fiya kuma sanyinta daban, wajen digiri 5 zuwa 7 ga Hass, kuma in tafiyar mai nisa ce ana rage iskar oksijin a cikin kwantenar don ta yi barci. Ku lura da wannan: sanyin da ke adana fiya shi ke kashe ayaba. Duk wanda ya haɗa su a ɗakin sanyi ɗaya, dole ɗaya ta cutu. Ina ganin wannan kuskuren a wurare fiye da yadda kuke zato.

Hajiya Rabi:
Injiniya, akwai abin da nake gani lokacin zafi. Ayaba ta yi laushi har ta fara narkewa, ciki zaƙi, amma ɓawon na nan kore. Masu saye su wuce ta su ce ɗanya ce, kafin a ankara ta ruɓe.

Injiniya Sadiq:
Sanannen abu ne ga irin ayabar da ake kira Cavendish, Hajiya. In ta nuna a zafin da ya haura kamar digiri 25, koren ɓawon ba ya gushewa yadda ya kamata, ciki ya riga waje. Maganinsa inuwa da iska, kuma kada a bar ta a rufe cikin leda ko a cikin mota a tsaye. Sannan ki raba teburin ayaba da na fiya. Nunanniyar ayaba na hura wa fiya etilin, sai ki ga kwalin da kika yi lissafin zai kai mako ya nuna gaba ɗaya rana guda. In kuwa kina son wasu su yi saurin nuna, ɗebi kaɗan ki haɗa su da ayaba da gangan, ki bar sauran nesa.

Usman:
Iyayena, a ba ni dama in taɓa tambayar farko ta Hajiya, ta farashi, don har yanzu ba a amsa ta ba.

Ayaba ba ta da kaka. A ƙasashe masu zafi da ruwa ana sara kowane mako, shekara ta zagayo. In an sare uwa, 'yar da ke gindinta ta taso. Daga shuka zuwa sara bai cika wuce shekara ba. Don haka kaya na gudana ba yankewa, kuma manyan kantunan Turai da Amurka kan ƙulla yarjejeniyar shekara guda a kan farashi ɗaya. Ban da haka, ayaba na cikin kayan da mai saye ke haddace farashinsu, da ita yake auna ko kanti na da tsada. Shi ya sa kantuna ke gasar danne farashinta, wani lokaci kusan babu riba, don su jawo mutum ya shigo ya sayi sauran kaya.

To amma taki ya hau, kwali ya hau, dakon jirgi ya hau, feshin cutar baƙin ganye da ake yi kusan kowane mako a wasu gonaki ya hau. In farashin kanti bai motsa ba, wani ne ke biyan bambancin, kuma ba mai kanti ba ne. Manomi ne da lebura. Abin da Hajiya ke gani a matsayin kwanciyar farashi, a can gona matsi ne. Ekwado, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da ayaba, gwamnatinta kan yanka mafi ƙarancin kuɗin da za a biya manomi a kan kwali kowace shekara saboda haka. A 2024 dala 6.85 ne, a 2025 ya koma 7.25.

Alhaji Bala:
Usman ɗana, karatunka ya yi, amma kasuwa ba takarda ba ce. Gwamnati ta yanka farashi, to. Watannin da kaya suka yi yawa kuma masu saye suka ja baya, wa zai tilasta wa mai fitarwa ya saya a farashin da shi ba zai mayar ba? Ko dai ya ƙi saye kayan su ruɓe a gona, ko a yi wata yarjejeniyar a bayan fage. Watannin da kaya suka yi ƙaranci kuma, manomin da ya sa hannu a takarda sai ya ga farashin kasuwar yau-da-yau ya wuce nasa, ya karkatar da kayan can. Kowane ɓangare na karya alkawari in ya ga dama ta zo masa. Ban ce a bar manomi ba kariya ba, amma kada a mayar da ɗan kasuwa shi ne azzalumi a kowane labari.

Usman:
Ranka ya daɗe, ban ce ɗan sari ba ne. Ƙarfin ya bar hannun 'yan tsakiya tuntuni. A da kamfanoni irin su Chiquita da Dole da Del Monte ne ke juya cinikin, su ke da gonaki da jirage. Yanzu da kwantena mai sanyi ta samu ga kowa, manyan kantuna na iya saye kai tsaye, su ne ke faɗin farashi. Kai ma matse ka ake yi.

Malam Nura:
Bari in ƙarasa ɓangaren fiya. Ita bishiya ce, ko mai aure ce sai ta yi shekara 3 zuwa 4 kafin ta fara ba da abin kirki. In farashi ya yi kyau bana kowa ya dasa, kayan ba za su fito ba sai bayan shekaru, kuma a tare za su fito. Sannan tana da halin yin 'ya'ya da yawa shekara ɗaya, ta huta a mai bi mata. Zafi ko iska mai ƙarfi lokacin fure na iya zubar da rabin abin da ake sa rai.

Ga kuma kaka. Kasuwar Turai ta dogara da Feru da Afirka ta Kudu da Kenya daga wajen Afrilu zuwa Satumba, lokacin sanyin Turai kuma Sifaniya da Maroko da Isra'ila da Kolambiya da Chile. In jiragen Feru suka taru a Rotadam, babbar tashar jiragen ruwa ta Turai, a makonni ɗaya, farashi ya zube. A tsakanin ƙarewar wata kaka da farawar wata kuma ya yi tsalle. Fiya ba hatsi ba ce da za a ɓoye a jira kasuwa.

Amurka kuwa kusan a hannun Meziko take. Sai a 1997 aka ɗage haramcin shigo da fiyar Meziko, kuma shekaru da yawa jihar Michoacán kaɗai aka yarje wa, sai a 2022 aka ƙara Jalisco. A Fabrairun 2022 an yi wa wani jami'in binciken Amurka barazana ta waya a Michoacán, aka dakatar da shigo da kaya na kimanin mako guda. Ku duba, kira ɗaya a waya ya tsayar da hanyar da ke ciyar da babbar kasuwar fiya ta duniya. Abin da ya rataya a kan wurare kaɗan haka ba zai taɓa samun natsuwar farashi ba.

Injiniya Sadiq:
A ƙara da hanya. Tun ƙarshen 2023 da aka fara kai wa jirage hari a Bahar Maliya, da yawa suka daina bi ta mashigin ruwan Suwez suka koma zagaye ta ƙasan Afirka ta Kudu. Ga mai kayan ƙarfe wannan ƙarin kuɗin dako ne kawai. Ga fiyar da ta taso daga tashar Mombasa ta Kenya kuwa, ƙarin kwanakin daga cikin rayuwarta ake cire su. Tana isa ta tsufa a kwantena, ta yi kyau a waje, ta nuna da ruwan toka a ciki. Kwanan fiya ƙidayayye ne tun daga ranar tsinka, duk wanda ya riƙe ta ya ci nasa, ragowar ake miƙa wa mai tebur.

Maman Ilham:
Na ƙaru sosai. Amma akwai abin da ke tsorata ni, tunda Injiniya ya ce iska ake sakar wa ayaba. Wannan ba shi ne kabaid ɗin da ake ta gargaɗi a kai ba?

Malam Nura:
A'a, ba ɗaya ba ne, kuma yana da muhimmanci a rarrabe. Etilin ita ce iskar da 'ya'yan itacen da kansu ke fitarwa in za su nuna. Ɗakin nunarwa yana ba su ita ne a lokaci ɗaya don su tashi tare. Kabaid kuwa dutsen masu walda ne. In ya sha danshi yana fitar da wata iska dabam da ke kwaikwayon etilin, kuma na kasuwa yakan zo da gurɓatattun sinadarai masu guba irin su asanik. Ƙasashe da yawa sun hana amfani da shi a kan abinci. Indiya, wadda ta fi kowa noman ayaba a duniya, ta haramta shi amma ta halatta etilin da ƙa'ida. Ban da haɗarin lafiya, kabaid na rina ɓawo ne ya bar ciki a baya, ka ga rawaya a waje, ciki gari-gari ba zaƙi, kuma ba ta daɗewa. Mai yin haka yana cutar mai saye, yana cutar abokan sana'arsa, don daga baya kowace ayaba mai kyan launi sai a zarge ta.

Usman:
Akwai wata barazana ga wadatar ayaba da ba mu taɓo ba. Kusan duk ayabar da ke tsallaka teku iri ɗaya ce, Cavendish, kuma ba ta da ƙwaya, daga jikin uwa ake cire 'ya a dasa. Ma'ana cutar da ta iya kama ɗaya ta iya kama duka. An taɓa gani. Kafin ita, Gros Michel ce ke riƙe da kasuwa, har cutar Panama ta cinye gonakinta a Amurka ta Tsakiya, aka sauya iri a shekarun 1950 zuwa 1960. Yanzu wani sabon nau'in cutar, TR4, yana kama Cavendish ɗin ita ma. Ya yi ɓarna a Asiya, aka gan shi a Mozambik a 2013, Kolambiya a 2019, Feru a 2021, Benezuwela a 2023. A cikin ƙasa yake zaune shekaru da dama, babu feshin da ke kawar da shi, kuma a takalmi ko tayar mota ana iya ɗaukarsa. Kuɗin katange gona da wanke takalma da motoci duk a kan manomi suke, a cikin wancan farashin da ba a so ya motsa.

Fiya ma ta kama hanyar. Hass ta mamaye cinikin, kuma asalinta bishiya ɗaya ce da wani ma'aikacin gidan waya, Rudolph Hass, ya shuka a Kalifoniya, ya yi mata rajista a 1935. 'Yan kasuwa na son ta don ɓawonta mai kauri na jure tafiya, kuma yana yin duhu in ta nuna. Sai dai wannan duhun na ɓoye tabon da da a kan koren iri ne da an gani.

Baba Audu:
Wannan magana ta ƙarshe ta Usman ku riƙe ta. Ido ya ɓata cinikin nan. A Tarayyar Turai akwai ƙa'idar cewa ayaba ta kai santimita 14 a tsawo da milimita 27 a kauri, kantuna kuma su ɗora nasu sharuɗɗan da suka fi wannan tsauri. Ɗan ƙarcen da ganye ya yi wa ɓawo ya isa a ware ta. Waɗanda aka ware ɗin nan ba su da aibi a ciki, wani lokaci ma sun fi daɗi don sun fi daɗewa a jikin uwa. Amma an koya wa mai saye ya biya kuɗi a kan fata. Manomi kuwa abin da ake biya shi yake nomawa. In fata ake biya, fata zai kawo maka. Ranar da aka fara biyan ƙarin kuɗi a kan ƙosasshiyar fiya, a ranar za a daina tsinkar ɗanya, ba sai an kafa doka ba. Araha ba ta ado, amma kowa ita yake nema.

Hajiya Rabi:
Baba, Allah ya ƙara girma. Daga abin da na ji, lahani iri biyu ne. Akwai nawa: tuli, rana, latsawa, haɗa ayaba da fiya. Wannan na ɗauka, kuma wanda ya same ni ta nan ba zan kai ƙarar kowa ba. Amma ɗanyar tsinka, lahanin sanyi, tsufa a hanya da ruɓar hanci ba nawa ba ne, kuma ban ga dalilin da zai sa in biya su ni kaɗai ba don kawai a hannuna suka bayyana. Alhaji Bala, ga abin da nake nema a wurin 'yan sari. A gaya mana ranar tsinka ko ranar da aka sa a kwali, ba ranar da kaya suka iso ba. A bar mu mu yanka ɗaya ko biyu a gabanku kafin mu biya. In kuma kaya suka nuna da lahanin ciki, a raba asarar.

Alhaji Bala:
Na farko da na biyu na yarda, Hajiya. Kwalin da ya fito daga wurin shirya kaya na ƙwarai yana da ranar da lambar gona a jiki, wanda ya goge ta yana da abin da yake ɓoyewa. Yankawa ma ba matsala, ki yanka a lissafina. Na ukun ne ke da wuya. Kaya sun bar hannuna kwana biyar, ban san inda kika ajiye su ba, sannan ki dawo ki ce rabi ya lalace. Ta ina zan bambance gaskiyarki da ƙaryar wani? Mu ma in za mu yi wa wanda ya turo mana ƙorafi, kwana ɗaya ko biyu ake ba mu bayan sauke kaya, da hotuna, da takardar na'urar da ta rubuta sanyin kwantena. Bayan nan ba mai sauraronmu.

Malam Nura:
Alhaji, a nan matsalar take. Wa'adin kwana biyu ya dace da ayaba, don lahanin sanyi da daujewa da ruɓar wurin yanka suna saurin fitowa. Bai dace da fiya mai tauri ba, don a kwana biyu ba ta ce komai ba tukuna. Yanka ɗanya ma kaɗan yake nunawa. Abin da masu shirya kaya na kirki ke yi shi ne su ware 'yan ƙwayoyi daga kowane zubi su ajiye a wurinsu, su bar su su nuna a inuwa, su yanka. Kai ma za ka iya. In na Hajiya sun yi baƙi naka sun fito fes, ajiyarta ce. In naka ma sun yi baƙi, daga sama abin ya zo, kuma ga hujja a hannunka da za ka tura wa wanda ya turo maka.

Alhaji Bala:
Wannan mai yiwuwa ne, fiya biyar ko shida a zubi ba za su karya ni ba. Amma da sharaɗi: a rubuta lambar zubin a rasit, kuma wanda zai yi ƙorafi ya kawo kayan a yanka a gabana, ba hoto kaɗai ba. Ko zan iya karɓo wani abu daga na sama da ni bayan wa'adinsu ya wuce, wannan ban yi alkawari ba. Injiniya, in zan ware ɗan wuri don ajiye waɗannan na gwajin, zafi nawa ya kamata in riƙe?

Injiniya Sadiq:
Tsakanin digiri 18 da 20, Alhaji, wuri mai iska, nesa da ayaba. Kada ya kai 30, don a nan ko lafiyayyar fiya nunar banza take yi, sai gwajin ya ba ka amsar ƙarya. Ka rubuta ranar da kowace ta yi laushi. In wasu sun nuna a kwana huɗu wasu sun haura kwana goma a zubi ɗaya, an gauraya maka ƙosasshiya da ɗanya ne tun daga gona.